Ranar da Rediyon Malam Sa'idu Ya Ɗauke

"Murɗa dai, Makau! Lokaci ya yi," in ji Malam Sa'idu.

Makau tela ya murɗa, ya ja eriya har ƙarshe. Shuuu kawai rediyon ke yi. Maƙwabcinsa Malam Sa'idu na kwance a zaure, ciwon hanta ya cinye shi, sai idanu. A azahar ɗin nan ta azumi wani gidan rediyon Turai zai yi hira da ɗansa Abdussalam, wanda rabonsa da garinsu Gummi an kwana biyu. Tsohon ba abin da yake jira a duniya sai muryar nan.

Shi Makau bai taɓa gane karatun yaron ba. Wai rana na huro wata iska, ta zo ta daki garkuwar maganaɗisun duniya, wasu ƙwayoyi su yi tsalle baya a guje, kamar tsakuwa in ruwan gulbi ya daki ƙafar gada. To, su yake aunawa. Ikon Allah!

"Batir ne ya mutu," in ji Dija, matar Malam, daga bayan ƙyaure. "A shanya shi."

Makau ya zare batiran, ya jera su kan kwanon rufi su sha rana, ya mayar da su da zafinsu. Shuuu. Ya ruga ya aro batiran mai shayi. Duk ɗaya. Haushi ya cika shi, kamar ya yi kuka.

"Ya hwara magana?" Malam ya tambaya.

"Yanzu shi ka hwarawa."

Ƙarya ce, Malam kuma ya sani. Ya juya fuska bango. Kafin la'asar rai ya yi halinsa.

Bayan an kai shi, an sha ruwa, masu gaisuwa na zaune kan tabarmi, wani ya taɓa rediyon. Sai ga murya tangaram, ana maimaita shirin. Abdussalam ne, yana bayanin cewa in rana ta yi aman wuta, har rediyo ɗaukewa yake, ba laifin kowa ba ne.

"Ina gaida Babana a Gummi," ya ce daga ƙarshe. "Na san yana saurare."

Ba wanda ya ɗaga kai. Kokon kunu na hannun Makau, har ya yi sanyi bai kurɓa ba.