Ciyawar Da Gata Ya Lalata

"To Baba, mun shirya?" in ji Dakta. "Ka kawo mini saiwar nan buhu guda, ni kuma in shiga ofis in hana a sallame ka."

"Mun shirya, 'yata," in ji mai lambun. Sunansa na cikin ma'aikatan da za a rage nan da wata uku.

Ciyawar dai wata ce mai faffaɗan ganye da tsami, saiwarta rawaya. Shekara ashirin yana tuge ta a bayan ɗakin gwaje-gwaje, tana dawowa kamar ƙaiƙayi. Sai ga shi Dakta ta tatsi ruwan saiwar, ta ɗiga a farantin gilashi mai ƙwayoyin cuta, kashegari ta tarar duk na kusa da ɗigon sun mutu.

Baba ya ga abincinsa a jikin ciyawar nan yake. Ya gyara mata wuri, ya zuba taki, ruwa safe da yamma, har da 'yar rumfa. Matarsa ta ce, "Ni da na haifa maka shida ban taɓa ganin wannan gatan ba."

Ganye ya fito kamar kunnen giwa. Ya haƙo saiwa, ya kai buhu yana taƙama.

Bayan kwana uku Dakta ta kira shi, ta ɗaga farantin. Ƙwayoyin sun mamaye ko'ina.

"Baba, walima ka haɗa musu?"

Baba ya ce, "Wallahi taki mai kyau na ba ta!"

"Ai shi ne ɓarnar. Sinadaran da nake nema, sai ta sha wuya take yin su, don ta kare kanta. Taka ta ƙoshi, ta miƙe ƙafa."

"Ikon Allah! Halin autana ke nan sak."

"Ta farkon a ina ka samo?"

"A tsagar bango, inda nake saranta ina zaginta."

"To koma can. Kada ka rage ko zagin."

Ta rubuta wa ofis cewa binciken ba zai yiwu ba sai da mutumin da ya ƙware wajen wahalar da tsiron, kuma shi kaɗai ne a ma'aikatar.

Baba dai ya ci riba, albashinsa na nan, aikinsa hana ciyawar ruwa. Dakta ta samu sinadaranta. Asara kuwa ta ƙwayoyin cuta ce, sai kuma ita ciyawar, da ta ɗanɗana daɗin duniya wata biyu aka mayar da ita bango.