Gwajin da Aka Kashe

Kujerar da Dogo ya jefo ta sami Mai Ja a kafaɗa tun bai rufe baki ba. Ya kife kan tebur, Dogo ya biyo shi ya ci kwalarsa.

"Maimaita! Ni na kashe gwajin? Maimaita in zubar maka da haƙora!"

"Kai ne mana! Wa ya kai ka tsanar ja a ofishin nan?"

Naushi ya sauka a bakin Mai Ja, ya ji gishirin jini.

Manhajar ajiya kamfaninsu ke yi: ta kwafi bayanan mutum ta adana, ran da kwamfutarsa ta mutu ta mayar masa. Dogo ke rubuta ta, Mai Ja ke gwada ta. Da an taɓa ko layi ɗaya, gwaje-gwaje ɗari huɗu za su gudana da kansu, sakamako ya fito a babban allon bango inda kowa ke gani. Kore lafiya, ja matsala. Yawan ja ɗin da yake tono musu ne ya jawo masa sunan.

To, wata takwas allon nan kore shar, har ana yi wa juna barka. Sai yau da safe wani ƙaramin asibiti ya bugo: kwamfutarsu ta ƙone, sun zo mayar da bayanan marasa lafiya, sun tarar da fanko. Da aka duba, ashe gwajin mayar da manyan fayiloli a kashe yake, allon kuwa ba ruwansa da abin da aka kashe. Oga ya rantse wanda ya yi wannan aika-aika yau zai bar aiki, ya fita waje yana ba asibitin haƙuri a waya.

Mai Ja ya lalubo kibod ɗin kwamfuta, ya maka wa Dogo a goshi iya ƙarfinsa. Maɓallai suka watse a ƙasa, tabarau ɗin Dogo ya dare biyu, jini ya ɓalle. Sai a sannan abokan aiki suka yi ta maza suka raba su.

"Ku sake ni!" in ji Mai Ja, yana haki. "Ai komai a rubuce yake. Yanzu zan tona maka asiri."

Ya zauna, ya buɗe tarihin gwajin. Ya gangara wata takwas baya. Ga layin nan, ga bayanin da aka bari: "Yana nuna ja ba dalili. Na kashe na ɗan lokaci, zan duba Litinin."

A gefe, sunansa ne, shi Mai Ja. Ya dubi kwanan watan. Ranar Juma'ar da aka kira shi matarsa na naƙuda ce, ya fita da gudu ko jaka bai ɗauka ba. Wallahi ya manta, shaf.

Dogo na zaune a ƙasa, jini ya rufe masa ido, ba ya ganin komai.

"Karanta mana," ya ce, muryarsa ta yi sanyi. "In ni ne ka faɗa kawai. Ina kashe abubuwa da yawa, ƙila na manta. 'Ya'yana uku, ka sani."

Kunya ta kama Mai Ja kamar ya nutse. Ya zaro hankici ya durƙusa ya danne masa goshin.

"Riƙe nan da kyau. Ba kai ba ne."

Ƙofa ta buɗe, Oga ya shigo, waya a hannu.

"Kun gano ko wane ne?"

Mai Ja ya tofar da jini a kwandon shara, ya jawo aljihun teburinsa, ya fara kwashe kayansa.