Riguna Bakwai na Rahina

Matata Rahina tela ce a Kara-Kara, kuma tana da doka: ba a ɗinka wa jariri ko hula sai ya yi kukan farko. Ɓari uku ta yi, don haka ba mai musu da ita.

Da cikin nan ya kai wata uku, ƙanenta Modu, wanda ke aikin asibiti a Yamai, ya nace a ɗebi jininta a tura waje. Wai a jinin uwa ake karanta lafiyar ɗan da ke ciki. Na ce mu da iyayenmu suka haifa a Gouna wa ya karanta mu? Ba wanda ya kula ni.

Analiz, wato sakamakon gwajin jinin, ya dawo a hargitse. Aka sake aune-aune, sannan likita ta zaunar da mu.

"Mace ce, lafiyarta lau," in ji ta. "Hargitsin daga jikin uwar yake. Sankarar mama ce."

Ta ce za a fara magani a Yamai bayan sati uku, ba sai an taɓa cikin ba. Rahina ta yi godiya kamar an ba ta adireshi. Ni kuwa na kasa gane inda na ajiye babur.

Washegari da hantsi na ji keken ɗinki na ƙara. Rigar suna take ɗinkawa. Jibi ta ɗinka ta shekara ɗaya, gata ta shekara biyu, kowace ta maƙala mata lamba da allura. Innata ta zo daga ƙauye, ta buɗe baki za ta yi faɗa, ta ga lambobin, sai ta zauna tana sa maɓallai.

Tsoro na ji, irin wanda ban taɓa ji ba.

Ana gobe tafiya ta gama riga ta bakwai, rigar shiga lakwal, wato makaranta, har da aljihun alli.

"Malam, yadi ya ƙare," ta ce. "Ka biya kasuwa ka sayo mini na takwas zuwa goma."

Shekara goma sha huɗu da aurenmu ban taɓa hana ta ko ashana ba.

"Ba zan sayo ba."

Ta ɗago kai.

"Yaran yanzu tsawo gare su," na ce. "Sauran sai kin auna ta da hannunki."

Ta daɗe tana kallona. Sannan ta naɗe tef ɗin awo, ta sa a jakar tafiya.