Kwamfutar da Ta Ɓoye wa 'Yar'uwarta

Wani dare Malam Garba ya ji wani abu yana ƙyas-ƙyas a ɗakin ajiya, kamar kaza na tsattsagar ƙwarya. Ya haska tocila, sai ya tarar tsohuwar kwamfutarsa ce ke wannan kuka. Allonta ya daɗe da mutuwa. Wata shuɗiyar waya ce ta fito daga bayanta, ta bi ta taga, ta ratsa tsakar gida har zaure inda sabuwar kwamfutarsa take. Ta wannan waya yake shiga cikin tsohuwar ya saurari mahaifiyarsa, marigayiya Jidda, tana waƙar niƙa. Duk duniya babu inda muryar ta saura sai can.

Da gari ya waye ya buga wa ɗan ƙanwarsa Sirajuddeen, mai gyaran kwamfuta a Kalgo, ya kara masa wayar hannu ya ji kukan.

"Kawu, ma'ajiyarta ce ke haramar mutuwa. Ku kwashe abin da ke ciki yau, kada ya kwana."

To, ga inda gizo ke saƙa. A makon nan sabuwar ta yi nauyi, Malam Garba ya share ta da kansa, ya ɗora mata sabon windo, wato manhajar da ke tafiyar da ita. Tun ranar ba ta ƙara ganin tsohuwar ba. Ya bi wayar taƙi-taƙi ko akuya ta tauna, ya iske ta lafiya. Ya zare, ya hura, ya mayar. 'Yar fitilar bayanta tana ƙifta ido, alamar hanya na nan, amma ba mai bin ta.

Bayan azahar Sirajuddeen ya iso Gwandu a kan mashin, ƙafafu duk taɓon fadama. Ya tarar da zaure cike kamar kullum, maƙwabcinsu Bawa na damun hura, wasu baƙi daga Masama na jiran ruwa ya ɗauke. Ya zauna ya yi ta dube-dube, can sai ya ɗago.

"Kawu, da kuka gama ɗora mata windo, ba ta tambaye ku ko hanyar ta gida ce ko ta jama'a ba?"

"Ta tambaya. Na ce ta jama'a."

"Don mi?"

"Kai ji yaro! Tun zamanin kakanka zauren nan ba a taɓa rufe shi ba. Ni zan buɗe baki in ce gidana ba na jama'a ba ne?"

Bawa ya yi dariya har ludayi ya suɓuce masa.

"Ai ita ba haka take ji ba," in ji Sirajuddeen. "In an ce mata jama'a, sai ta ɗauka tasha take, cikin ɓarayi. Ta ja mayafi, ba ta ganin kowa, ba mai ganinta. Ko 'yar'uwarta."

Malam Garba ya shafa gemu. Abin ya ba shi mamaki, a ce akwai halittar da jin sunan jama'a ke sa ta rufe ƙofa. Daga ɗakin ajiya kukan ya ƙaru.

"Sauya mata," ya ce a hankali. "Amma kai za ka danna, ba ni ba."

Sirajuddeen ya danna, ya mayar da hanyar ta gida. Jim kaɗan sunan tsohuwar ya bayyana a allon sabuwar, suka fara kwasa, tana yi tana tsayawa kamar jaki a yashi, har ta kammala. Muryar Jidda ta cika zauren, da ƙarar dutsen niƙa a bayanta. Baƙin Masama suka daina hira.

Bawa ya ajiye ƙwarya ya dubi Malam Garba.

"To Malam, mu da muke kwana muna tashi a zauren ga, 'yan gida muke ko jama'a?"