Ranar da Aka Guji Tasyo a Benci

A duk lardin Laguna, in ana hirar besbol a shagon aski, wasan nan da ake jefa ƙwallo wani ya doke ta da sanda ya ruga tasha-tasha, ƙarshenta sai an zo kan majefa ƙwallo huɗu na ƙungiyar kamfanin sukari. Tsofaffi na rantsuwa ko a Manila ba a taɓa haɗa irinsu ba. Bi da bi suke jifa, yau wannan, wasa na gaba wancan, kuma shekara da shekaru ba wanda ya taɓa tsallake ranarsa. Tasyo Dimaculangan ne babbansu, kuma wasan ƙarshe na cin kofi ya faɗo a ranarsa.

Abin da ya ɓoye shi ne gwiwar hannunsa na dama ta daɗe tana masa zogi. Matarsa Luring kaɗai ta sani, don ita ke shafa masa man kwakwa da citta kowace safiya.

"Ka gaya wa Mang Ponso mana," in ji ta. "Kofi za mu dafa mu ci in hannun ya mutu?"

Mang Ponso shi ne kocinsu. Tasyo ya ce zai faɗa, amma tsoro ya hana shi. Ya san wanda ya fita daga cikin huɗun nan, ya fita ke nan.

Aka fara wasa cikin rana mai zafi. Jifansa ya yi ta karkacewa, har alƙali ya ba wa mutum uku hanya kyauta zuwa tashar farko. A zagaye na shida cikin tara ya saki wata ƙwallo mai lanƙwasa, sai ya ji wani abu ya tsinke a gwiwar kamar zare. Gumi mai sanyi ya karyo masa. Nan ya yanke shawara: girma ya faɗi, amma hannu ya tsira. Zai gaya wa koci a cire shi.

Da duka ya zagayo kan ƙungiyarsu, ya dawo benci ya zauna, sai na kusa da shi ya matsa. Na gaba ma ya matsa. Berting, mai cafke masa ƙwallo, mutumin da bakinsa ba ya hutawa ko a coci, ya sunkuya yana ta ɗaure takalmin da yake a ɗaure.

"Berting, ji mana."

Berting ya miƙe ya tafi shan ruwa.

To ga abin da Tasyo bai lura da shi ba. Ciwo ya ɗauke masa hankali, allon filin kuma maki kawai yake nunawa. Tun da aka fara, babu ɗan wasan abokan hamayya ko ɗaya da ya doki jifansa ya tsira zuwa tasha da dukan. Irin wannan wasa, wani majefin har ya tsufa bai gan shi ba. Al'adar 'yan besbol kuwa, in majefi na kan wannan hanya, ba a yi masa magana, ba a zama kusa da shi, kada baki ya karya sa'ar. Mutane ne masu karatu da rubutu, amma a kan wannan camfi ba ka isa ka ja da su ba.

Ya taka ya sami koci. "Mang Ponso, ina da magana."

Mang Ponso ya zaro ido, ya juya masa ƙeya, ya hau yi wa mai riƙe da sanda ihu: "Kai Doming, ƙuda kake kora ko ƙwallo kake duka?"

Tasyo ya bi abokan wasansa da kallo. Wato sun gane. Sun ga hannun ya ƙare, har sun fara gudunsa tun bai bar rigar ba. Zuciya ta ɗebe shi. Tunda haka ne, ba zai roƙi kowa ba. Ya ja hularsa ya koma fili.

Zagaye ukun da suka rage, Allah kaɗai ya san yadda ya yi su. Kowane jifa sai ya ga wuta a idonsa. 'Yan yatsunsa biyu suka daina jin ɗinkin ƙwallon. 'Yan kallo sun yi tsit, shi kuwa ya ɗauka tausayinsa suke ji. A can cikin rumfa ya hango Luring a tsaye, ta dafe baki da mayafi.

Mai dukan ƙarshe ya ɗaga ƙwallo sama, Doming ya cafe ta kafin ta taɓa ƙasa, wasa ya ƙare. Fili ya kaure da ihu. Berting ya jefar da kwalkwalinsa, ya rugo ya rungume shi.

"Kuya, yayana! Kai, tsohon nan ba ka da dama! Ko mutum ɗaya bai same ka ba! Wallahi na kusa fashewa da shirun nan!"

Sai a lokacin Tasyo ya gane.

Aka kawo ƙwallon wasan, don majefi ake ba wa ya ajiye. Berting ya danƙa masa ita a hannun dama. Ta zame ta faɗi. Berting ya yi dariya ya ɗauka, ya sake sa masa. Ta sake faɗuwa, ta gangara ta tsaya a ƙafar Mang Ponso.

Dariyar ta mutu. Mang Ponso ya dubi hannun da ke lilo a gefen Tasyo.

"Tun yaushe?"

"Tun zagaye na shida," in ji Tasyo. "Ai na zo in gaya maka."