Fuskar da Aka Cire daga Fim

Zubaidatu ta zo Jidda daga Damagaram da bizar umara tun 'yarta tana da cikin fari. Yanzu jikan ya kusa gama firamare, ita kuwa tana nan a unguwar Bani Malik, a wani ɗan ɗaki bayan shagon gyaran firji, ba iƙama, wato takardar izinin zama, ba kafilin da zai tsaya mata. Fura take damawa da kunun gyaɗa tana kai wa gidajen Hausawan unguwar, abin da ta samu ta aika gida. Ta san lungunan da ba a tare mutane, ta san lokacin fita da lokacin zama a ɗaki, kuma ko hoton biki ba ta yarda a ɗauke ta.

Maƙwabciyarta Dela ce ta ja ta. Dela Bahaushiyar Sudan ce, takardunta cikakku, ba ta da abin tsoro. Ta zo da labarin cewa wasu Faransawa suna shirya fim a Balad, tsohon garin Jidda, suna neman matan da za su cika kasuwa. Ubale, mai tara mutanen, ya ce yini ɗaya ne, zama kawai za a yi can baya, babu mai tambayar kowa takarda. Zubaidatu ta ƙi, Dela ta dage, har ta saka abaya ta bi ta.

A can aka ba ta zane irin na da, da ƙwarya da ludayi, aka ce ta yi kamar tana damu. Ita ba ta iya kamar ba. Ta nemi nono, ta ɓare furar da ta zo da ita don abincin rana, ta shiga damu na gaske. Ɗan wasan da zai wuce ta gabanta ya tsaya ya tambayi farashi da wani karyayyen Larabci, dariya ta kuɓuce mata, ta ba shi amsa. Ba ta lura cewa na'urar ɗaukar hoto ta matso dab da ita ba. Ta dai ga wani tsohon Bature mai malfa da sanda, zaune gaban ƙaramin allo, ya ɗaga hannu ya hana a tsaya.

Bayan 'yan kwanaki Ubale ya kira ta yana murna. Ya ce daraktan ya yaba da fuskarta, ita za a sa a allon tallan fim ɗin, a Jidda da Faransa. Ta kawo iƙamarta don a rubuta sunanta daidai.

Ranar ba ta dama fura ba. Ta zauna bakin katifa tana hango fuskarta, ƙatuwa, a saman titi, kowane ɗan sanda yana wucewa ƙarƙashinta, daga nan sai gidan tarhil inda ake tsare mutum kafin a mai da shi ƙasarsu. Dela ta ce ta kashe waya ta koma unguwar Aziziyya wurin ƙanwar ita Delar har abin ya lafa. Zubaidatu ta ce ko ta ɓuya, hoton yana hannunsu. Gara ta je da ƙafarta.

Da safe ta hau mota zuwa Balad. A bakin wurin aikin ta tarar da Haifa, wata matashiya 'yar Saudiyya da ke kula da tafiyar da komai. Haifa ta gane ta, ta gaishe ta da fara'a, amma ta ce darakta yana aiki, ba ya ganin kowa sai la'asar. Zubaidatu ta hango shi, tsohon Baturen nan mai malfa, 'yan taku kaɗan, yana jan ƙafa. Faransancin da ta baro a aji shida na makarantar Damagaram ya dawo mata baki, ta ɗaga murya ta kira shi yadda ake kiran namiji da Faransanci, ta ce, "Mushe, ina da magana."

Tsohon ya juyo. Ya tambaye ta daga ina, da ta ce Zinder, yadda Faransawa ke kiran Damagaram, sai ya cire malfarsa ya ce mata sannu da Hausa, ya ƙara da ina kwana, daga nan Hausar tasa ta ƙare. Ya sa aka kawo mata kujera da shayi a inuwar wani tsohon gida mai tagogin katako.

Sunansa Lucien Darvel, kuma mutum ne mai son labari. Ya ce yana saurayi aka tura shi Yamai, lokacin da ake koyar da yara ta talabijin. Jan wayoyi ya fara da shi, kafin wata rana mai ɗaukar hoto ya kwanta da zazzaɓi aka miƙa masa na'urar. Da ya koma Paris ya yi fim ɗin silima na farko, jaridu suka yabe shi har kansa ya kumbura. Na biyu kuwa, ya shiga gidan silima ya tarar daga shi sai mai shara. Daga nan babu wanda ya sake ba shi silima, sai talabijin: wasannin 'yan sanda, na asibiti, na iyali masu rigima kan gado, shekara da shekaru. Ya ce bai raina su ba, da su ya rene 'ya'yansa. Yanzu gwiwa ta ƙi, 'yarsa kullum tana cewa ya zauna a gida. Wannan fim ɗin, labarin wani likitan jirgin ruwa da ya maƙale a Jidda a zamanin da, shi ne na ƙarshe, ya sani.

Zubaidatu tana ta gyaɗa kai, shayin ya huce a hannunta, ta rasa inda za ta saka tata maganar. Sai ya ce a nuna mata. Haifa ta kawo ƙaramin allon. Ga ta nan tana dariya, ludayi a hannu, haske ya sauka a goshinta. Ba ta taɓa sanin ta yi kama da mahaifiyarta haka ba. Lucien ya ce a duk abin da ya ɗauka a garin nan, babu kamar wannan.

Ta ajiye kofin. Da Faransanci ta yi maganar, a hankali, da tunanin Haifa ba ta ji. Ta faɗa masa yadda ta zo, da yadda take zaune, da bakunan da ke jiran ta a gida.

"Idan fuskata ta hau titi, Mushe, tawa ta ƙare."

Yana shirin amsawa sai Haifa ta yi masa magana da Faransanci tas, wanda ya fi na Zubaidatu nesa. Ashe Haifa ta ji komai. Zubaidatu ta dubi hanyar fita. Sai da ta nutsu ta fahimci abin da yarinyar ke cewa: akwai na'ura ta biyu da ta ɗauki wurin ta baya, ana ganin hannuwa da ƙwaryar, ana jin dariyar, fuska ba ta fito ba.

Lucien ya jawo allon. Ya sake kunna hoton ya kalla har ƙarshe, ya murza idonsa da bayan hannu.

"Madam," ya ce, "a talabijin an sha sa ni yanke abin da nake so don a saka tallan sabulu. Yau dai zan yanke don mutum."

A gabanta ya sa aka goge. Haifa ta raka ta har bakin titi, ta tsayar mata da tasi, ta riƙe mata ƙofa. Zubaidatu ta buɗe baki za ta roƙe ta ta rufa mata asiri, yarinyar ta riga ta da Larabci, tana kiran ta inna.

"Halas, shi ke nan, ya khala. Ni fura kawai na ga kin dama. Yalla, je ki, ki gaida gida."

A cikin motar ne ta ji yunwa ta taso mata, irin wadda ta manta da ita tun kiran Ubale. Tana isa ta wuce ɗakin Dela ko sallama ba ta gama ba, ta buɗe tukunya ta ci shinkafa da hannu a tsaye. Dela tana tambaya, ita tana ci. Sai da ta sha ruwa ta ba ta labari, sannan ta kwanta a tabarmar Dela ta yi barci har aka kira magariba.

Fim ɗin ya fito bayan shekara. A allon tallan, tagar katako aka sa da bayan likitan yana kallon teku. Ubale ya ce tsohon ya koma wani ƙauye kusa da 'yarsa, ya ajiye aiki. Dela ta samo wurin kasuwar a waya, suka haɗa kai suna kallo. Ga bayan wata mata, ga hannuwa suna juya ludayi, ga dariya. Zubaidatu ta sa aka maimaita, ta matso da wayar kusa da ido, ta ce ashe a karkace ɗaurin ɗankwalinta yake ranar, kuma duk taron nan an rasa mai gaya mata.