Muryar Bayan Labule

Ni na riƙe sandar makirufo, shi ya sa na san yadda abin ya faro. Sandar ma ba ta gaske ba ce, ta goge ƙasa ce Auta ta cire mata tsumma, ta ɗaure makirufo a kanta da salatif.

Auta ƙanwata ce, ita kaɗai ta kai jami'a a gidanmu. Ni tun a aji huɗu na ajiye littafi. Na taɓa tuƙi, na taɓa fenti, yanzu ina da teburin gyaran waya a bakin titi. A shekararta ta ƙarshe aka ce kowane ɗalibi a sashensu ya haɗa aikin kammala karatu. Ita ta ce fim ɗin minti goma sha biyu za ta yi a kan Baba, wanda ya shekara talatin da huɗu yana gyaran keken ɗinki a shagon da ke jikin gidanmu.

Labule kaɗai ya raba shagon da tsakar gida. Ranar da muka fara ɗauka, Mama tana bayansa tana guga.

"Baba, yaushe ka fara wannan sana'a?" in ji Auta daga bayan kyamara.

Baba ya gyara zama. "To, tun ina saurayi kyakkyawa, 'yan mata suna kawo kekuna lafiyayyu don kawai su gan ni..."

"Ƙarya yake!" Mama ta ce daga ciki. "Da kan nan nasa kamar gwiwa ya zo wurina."

"Mama, don Allah! Ana ɗauka fa."

"A ɗauka mana, ni na hana? Amma a ɗauki gaskiya."

Haka muka yi kwana uku. Duk abin da Baba ya faɗa sai ta gyara masa. In ya ce shekara biyar ya yi yana koyo, ta ce bakwai, biyun ya yi su ne yana ɓata wa mutane kekuna. Auta ta roƙe ta ta fito a ɗauke ta, tun da bakinta ba ya shiru. Ta ce ita da wannan tsohon zanen? Ba da ita ba. Mama ba ta son hoto. Wayarta ma ƙarama ce mai maɓalli, kira kawai take yi da ita, ta faɗi abin da ke bakinta ta kashe kafin ka amsa.

Malamin da ke duba aikin Auta ya saurari minti biyu ya cire abin sauraren da ke kunnensa. Ya tambaya wace ce wannan mai surutu a baya. Ya ce sauti ya fita tsaf, in ba haka ba maki zai tafi.

Mako biyu Auta ta yi tana cire Mama daga fim ɗin, kalma bayan kalma. Na taɓa kai mata caja ɗakin kwamfutarsu na same su jere, kowa da abin kunne, ido ya yi ja. Wani ɗan ajinsu da suke kira Dogo yana fama da zanen akuya mai motsi, ƙafafunta na baya suna tafiya gaba, na gaba suna komawa baya.

"Yayan Auta, zo ka gani," ya ce. "In na ce wa Malam akuyar ba ta da lafiya ne, zai yarda?"

Auta ko dariya ba ta yi ba. Ta nuna min wani tudu a layin sautin da ke kan allo. "Ka ga wannan? Mama ce. Ga ta nan kuma. Wallahi matar nan ta fi Baba magana a fim ɗin Baba." Ta ja ta danna, tudun ya kwanta.

Bayan kwana biyu ta kawo min kwamfutarta teburina, wai ta cika, ba ta motsi. Na duba na ga wata jakar fayiloli da ta cinye kusan rabin wurin, an rubuta mata "ɗanye". Duk abin da muka ɗauka a kwana ukun nan yana ciki, yadda yake, ba a taɓa shi ba.

"Kin gama da wannan?"

"Na cire abin da nake so. Amma ko a bar shi, Yaya?"

"A bar shi ya yi me? Shara ce."

Ina da mutum biyu suna jirana, ina sauri. Na goge, na share kwandon sharar kwamfutar ma, na miƙa mata. Har ta ce min na iya aiki.

Mama ta rasu ranar wata Laraba da hantsi. Tana shanya ta ce kanta yana sarawa, ta zauna a kan bokitin da ta kife. Muka garzaya da ita asibiti, kafin azahar likita ya fito yana kallon ƙasa. Ba ta yi jinya ba, ba ta bar wa kowa sallahu ba.

Da mutane suka watse, gidan ya yi wani irin shiru. Baba ya buɗe shago amma ba ya taɓa komai. Wata safiya Auta ta kai masa ruwa, ya riƙe kofin bai sha ba.

"Auta, wannan abin naku da kuka ɗauka. Muryar uwarku tana ciki ko?"

Ina bakin ƙofa. Ina ji Auta ta amsa.

"Tana ciki, Baba. Bari in gama haɗawa."

"To. Ba sauri. In kin gama ki kunna min, ko faɗan ne in ji."

Daga ranar muka shiga nema. Katin kyamarar na makaranta ne, dokarsu a mayar da shi babu komai a kansa. Dogo ya bi sawunsa, ya gano ɗalibi huɗu sun yi aiki da shi bayan Auta. Duk da haka ya karɓo mana shi, ya ajiye akuyarsa, saura kwana tara a miƙa aiki, ya zauna da mu. Muka sa manhajar dawo da abin da aka goge. Ta dawo da wasan ƙwallon wani, da hirar wata da masu sayar da taya, da hoton takalmi guda ɗari da ashirin. Namu ko ɗaya.

Kwamfutar kuwa na kai ta wurin ubangidana na dā, wanda ya koya min riƙe sukundireba. Ya yi yini guda a kanta.

"Kai ma ka sani ai," ya ce. "Irin wannan ma'ajiyar in ka goge, ta goge. Kuma yarinyar ta yi ta zuba sabon aiki a kai. Wane sakarai ne ya goge ɗanyen aiki kafin a miƙa?"

Na ɗauki kwamfutar na fita.

Na kira 'yan'uwa ɗaya bayan ɗaya, ko wani yana da bidiyon wani taro da Mama ta yi magana a ciki. Gwaggo ta turo guda. Mama tana can gefe ta juya baya, kiɗa ya rufe komai.

Da la'asar na sami Auta a tsakar gida, kwamfutar a cinyarta.

"Ni na yanke ta, Yaya. Da hannuna. Har ina jin daɗi in na ga layin ya kwanta."

"Ke aikinki kika yi. Kin ce a bar shi, ni na ce shara ce."

"Ka daina."

"Kin ce a bar shi, Auta."

Ta rufe fuska da mayafi. Da ta sami bakin magana ta ce Malam ya sake duba fim ɗin, ya ce yanzu sauti ya yi kyau, sai dai akwai wurare da tsohon yake juyawa yana dariya shi kaɗai ba dalili, a yanke su. Ta ce ta gaya masa ya rage makin.

Ranar Asabar da safe muka shiga shago tare. Baba yana zaune, kan wani keke a gabansa a buɗe. Na ce masa akwai magana. Ban yi kwana-kwana ba, na gaya masa muryar Mama babu ita, ni na goge ta, kuma mun nema har mun gaji.

Ya daɗe yana murza wani ɗan ƙaramin noti a tsakanin yatsunsa.

"Duka?"

"Duka, Baba."

Na so ya zage ni, ko ya jefe ni da abin da ke hannunsa. Sai kawai ya ture kan keken gefe, ya share teburin da hannun riga.

"Ajiye nan. Kunna abin da ya rage."

Auta ta kunna. Ga Baba a allo yana bayanin yadda ake gane ciwon keke daga ƙararsa. Muryarsa tsaf, ba ko tari a bayanta. Yana kallo har aka zo wajen minti na bakwai. A nan Baban cikin allo ya tsaya a tsakiyar magana, ya juya wajen labule, ya saurara. Sai ya fashe da dariya, irin wadda ban san yana da ita ba, har ya kifa kai a kan tebur yana share ido.

"Tsaya," in ji Baba. "Mayar baya."

Ta mayar. Ya matso da kunnensa dab da kwamfutar. Ba abin da ke fita sai iska.

"Me ta ce a nan?"

Auta ta kalle ni. Ni ne mai abin kunne a ranar, ni na ji ta fiye da kowa, kamar a cikin kaina take magana. Na tuna hannuna ya gaji da sandar. Na tuna ina ta duba agogo, ina so a gama in tafi. Abin da ta faɗa kuwa, na lalubo ko'ina ban same shi ba.

"Ko maganar kanka kamar gwiwa ce, Baba?" Auta ta ce a hankali.

"A'a, wannan ranar farko ce. Nan wani abu ne daban." Ya dafe goshi. "Wani abu ne a kan... ai ni ta faɗa wa. Ni ta faɗa wa fa."

Wata mata ta yi sallama a bakin shago, da kan keke a rungume. Baba bai ɗago ba.

"Baiwar Allah, ki dawo gobe."

Ya jawo kujerarsa gaba kaɗan.

"Auta, mayar kuma. Zai zo min."